Sauyin ƙwayar gado da ake jawowa

Sauyin ƙwayar gado da ake jawowa shi ne canjin da ke faruwa a jerin DNA na halitta saboda wani abu daga waje, kamar haske mai ratsa jiki ko sinadari. Ya bambanta da sauyin da ke zuwa da kansa yayin da ƙwayar halitta ke kwafar DNA ɗinta. Idan ya faɗa kan ƙwayoyin jiki yana iya haifar da kansa, idan kuma ya faɗa kan maniyyi ko ƙwan mace, 'ya'ya na iya gadonsa.

Tarihi

A 1927 Hermann Muller, ɗan Amurka, ya nuna cewa hasken eksire na jawo wannan sauyi a jikin ƙudan 'ya'yan itace, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1946. A shekarun 1940 Charlotte Auerbach ta gano a Edinbara cewa sinadari ma yana yin haka, ta hanyar gwaji da iska mai guba da aka yi yaƙi da ita.

Abubuwan da ke jawo shi

Hasken eksire da na gama suna tsinka zaren DNA. Wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani yana manne haruffa biyu na DNA da ke maƙwabtaka, sai kwafi ya zo da kuskure. Sinadarai kuwa wasu suna liƙewa a jikin DNA, wasu suna kutsawa tsakanin haruffanta. Ba duka daga masana'anta suke fitowa ba: gubar afulatoksin da ke cikin gyaɗa da masara masu fumfuna tana sauya DNA a hanta.

A Kano

Masana'antun jima da na rini a Sharaɗa da Challawa suna zubar da ruwan dagwalo da ke gangarawa kogin Challawa, na Bompai kuma yana bin rafin Getsi zuwa Jakara, inda manoman rani ke shayar da kayan lambu.

Sinadarin da aka fi magana a kai shi ne kuromiyom, kuma a nan ake yawan kuskure. Jimar zamani tana amfani da kuromiyom III, wanda da ƙyar yake shiga ƙwayar halitta. Mai haɗarin shi ne kuromiyom VI: yana shiga ta ƙofar da salfet ke bi, a ciki kuma yana lalata DNA. Hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, ta sa shi a rukuni na 1. Matsalar ita ce na III yana iya komawa na VI, misali idan aka ƙona tarkacen fata ko ya gamu da manganis a cikin ƙasa. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima, ba su da wannan matsala. Wasu launukan rini ma suna rarrabewa su saki sinadarai irin su benzidin, mai jawo kansar mafitsara.

Gwaji

Gwajin Ames, wanda Bruce Ames ya ƙirƙiro a shekarun 1970, yana amfani da ƙwayar cutar Salmonella. Akwai mafi arha da ɗalibai ke yi: a tsoma albasa cikin ruwan da ake zargi, sannan a duba ƙwayoyin saiwarta da madubin likita don ganin ko kuromozom ya kakkarye. Gwajin yana nuna cewa ruwan na iya lalata DNA, amma bai isa ya faɗi yawan illar da mai cin latas ɗin Jakara zai samu ba. Hukumar NESREA, da aka kafa a 2007, ita ke da alhakin sa ido kan ruwan da masana'antu ke fitarwa.