TARIHIN MARIAM ENIOLA BOLAJI, YARINYAR DA TA BUƊE WA AFIRKA ƘOFA A WASAN BADMINTON

Jama'ar Abaji da kewaye, yau ba hirar ƙwallon ƙafa za mu yi ba. Tarihin wata 'yar Jihar Kwara na kawo muku, wadda ta yi abin da ba ɗan Afirkan da ya taɓa yi kafin ita.

Ga wanda bai san wasan ba: ana ɗaura raga a tsakiyar fili, tsayinta ya ɗan haura mita ɗaya da rabi, 'yan wasa su riƙa amfani da sandar wasa suna buga wata 'yar ƙwallo mara nauyi da aka yi da gashin tsuntsu guda 16. Wanda ya fara kai maki 21 ya ci zagaye, wanda ya ci zagaye biyu ya ci wasa. Tun 1992 a Basalona aka shigar da shi gasar Olamfik, kuma ƙasashen Asiya irin su Sin da Indonesiya, da Denmak daga Turai, su ne suka yi kaka-gida a cikinsa.

Mariam tana da larura a ƙafa, don haka take wasa a rukunin da ake kira SL3. 'Yan wannan rukuni a tsaye suke wasa, amma rabin faɗin fili kawai ake ba su. Kada ka ɗauka sauƙi ne. Da yake filin tsukukke ne, ba inda za ka ɓoye ƙwallo abokin karawarka bai kai gare ta ba, sai a yi ta musayar bugu har wani ya gaji ko ya yi kuskure. Wasan haƙuri ne da juriya.

Wanda ya gano baiwarta shi ne kocinta, Bello Oyebanji. A 2021 ta je ƙasar Sifen ta lashe gasar ƙasa da ƙasa, bayan ta doke Oksana Kozyna 'yar Yukiren a wasan ƙarshe. Ku riƙe wannan suna. Sai dai a wannan shekarar ce kocin nata ya rasu a haɗarin mota. Yarinya ƙarama, an ɗauke mata bangon da take jingina da shi. Da yawa a nan za su ajiye sandar wasa. Ita ba ta ajiye ba.

A gasar Paralimfik, wato ta masu buƙata ta musamman, ta Tokyo, wadda aka yi a 2021, aka fara sanya badminton, amma ba a buga wasan mata na ɗai-ɗai a rukunin SL3 ba. Sai a Faris 2024 aka ƙara shi. Kafin lokacin kuwa Kozyna ta zama zakarar duniya a 2022.

A Faris Mariam ta fitar da Mandeep Kaur ta Indiya, sannan ta sha kashi a wasan kusa da na ƙarshe a hannun Xiao Zuxian ta Sin, wadda daga baya ta ɗauki zinare. Ranar 2 ga Satumba, 2024, aka buga wasan neman tagulla. Wa ta tarar a ɗaya gefen ragar? Kozyna. Wannan karon ko gumi ba a raba ba: 21 da 9, aka sake 21 da 9. Tana da shekara 18.

Wannan ce lambar farko da Afirka ta samu a badminton, a Olamfik ko a Paralimfik. Ita ce kuma lambar farko da Najeriya ta samu a Paralimfik ɗin Faris, makonni kaɗan bayan tawagarmu ta Olamfik ta dawo daga Faris ɗin hannu rabbana. A ƙarshe masu buƙata ta musamman suka kawo gida lambobi 7.

Abin lura shi ne, tarihin nan ba daga babban filin wasa na Abuja ya faro ba. Daga koci ɗaya ya faro, wanda ya ga yarinya mai larurar ƙafa bai kau da kai ba. Irin waɗannan yara muna da su a Abaji, a Yaba, a Nuku, a makarantunmu na firamare, ana barin su a gindin bishiya in an fita wasanni. Raga ɗaya da sanduna biyu sun isa a gwada su. Malaman wasanni da shugabannin matasa, ƙwallo na gefenku.

Allah Ya jiƙan Koci Bello, Ya ƙara wa Mariam nasara.