Fitila Na Ci, Mai Na Ƙarewa: Tarihin Gajiyar Mata Masu Jinya

Duk ranar 12 ga Mayu duniya na bikin ma'aikatan jinya, domin a ranar ce aka haifi Florence Nightingale a 1820. Hoton da aka bar mana nata guda ne: mace riƙe da fitila tana zagaya majinyata cikin dare, ba gajiya, ba ƙorafi. Har gobe makarantunmu na koyon jinya suna kunna kyandir, su rantsar da ɗalibai da sunanta. Abin da ba a cika faɗa wa ɗaliban ba shi ne halin da mai fitilar ta shiga bayan ta koma gida.

A watan Nuwamba na 1854, ana tsaka da yaƙin Kirimiya, wanda Ingila da Faransa da Daular Usmaniyya suka yi wa Rasha taron dangi, Nightingale ta isa asibitin soja na Sikutari da ke gefen Istanbul tare da mata 38. Asibitin tsohon bariki ne, magudanan ƙazantar da ke ƙarƙashinsa duk sun toshe. A hunturun farko sojoji sama da 4,000 suka mutu a can, akasarinsu kuma kwalara da taifot da atuni ne suka kashe su, ba harsashi ba. Sai da gwamnati ta turo kwamitin tsabta a Maris na 1855, aka yashe magudanan, aka sama wa iska hanya, sannan mace-macen suka lafa. An ruwaito cewa takan yi awa 20 a tsaye. A Mayun wannan shekara zazzaɓi ya kayar da ita har aka fid da rai. Da ta farfaɗo ta ƙi tafiya gida, ta koma bakin aiki.

Ta dawo Ingila a Agustan 1856 a ɓoye, da sunan aro, don kada a tarbe ta da kiɗa. Shekara ɗaya bayan haka, tana da shekara 37, jiki magayi ya yi magana: rashin barci, bugun zuciya, ƙin abinci, da baƙin cikin da ya ƙi tafiya. Ƙididdigar da ta zauna ta yi da masanin lissafi William Farr ta nuna mata cewa cututtukan da ake iya karewa ne suka cinye sojojin da ta yi jinya. Ta shafe shekaru masu yawa tana kwance a ɗaki a Landan. Daga kan gadon ta rubuta rahotanni, ta kuma sa aka buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas a 1860. Ta rasu a 1910 tana da shekara 90. Wasu marubuta tarihinta sun zarge ta da ciwon ƙarya. Sai a 1995 wani masani ya kawo hujja a mujallar likitocin Birtaniya cewa cutar da ake ɗauka daga ɗanyen nono ce ta zauna mata a jiki, wadda makiyayanmu ke kira bakkale, cuta mai zuwa da ciwon gaɓoɓi da tsananin damuwa.

Tsarin da aka gina da sunanta ya ɗauki fitilar, ya bar labarin gadon. Ɗalibai suna kwana a gidan asibiti ƙarƙashin shugaba mai tsanani, aiki tun duku-duku har dare, a asibitoci da yawa kuma wadda ta yi aure sai ta ajiye aiki. Tunda an ce jinya sadaukarwa ce, kukan gajiya ya zama abin kunya. Wadda ta faɗi, likitocin zamanin sukan ce raunin jijiya ne irin na mata. Wannan tsari ne Turawan mulkin mallaka suka kawo mana tare da farar riga da hula.

Sai a 1974 abin ya sami suna. Herbert Freudenberger, masanin halayyar ɗan Adam da ke aikin sa-kai a wani asibitin kyauta na masu shaye-shaye a birnin Niyok, ya lura cewa abokan aikinsa sukan zo da zafinsu, amma bayan kamar shekara guda sai su huce, su zama masu saurin fushi, ga ciwon kai da rashin barci. Ya kira halin burnout, wato ƙonewa ƙurmus irin na lagwanin da mai ya ƙare masa. A 1981 Christina Maslach da Susan Jackson suka fitar da ma'auni mai alamomi uku: ƙarewar ƙarfin zuciya, bushewar tausayi har majinyaci ya koma lambar gado kawai, da jin cewa aikin ba ya tsinana komai. Binciken Maslach ya nuna tushen abin yana wurin aiki: yawan lodi, rashin ta-cewa, rashin sakayya, rashin adalci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a matsayin matsalar da aiki ke haifarwa. Ya bambanta da cutar tsananin damuwa, wadda ke bin mutum har gida da masallaci da gidan biki, amma sau da yawa shi ke share mata hanya.

Me ya sa nauyin ya fi sauka a kan mata? Hukumar ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na ma'aikatan lafiya da kula da jama'a mata ne, amma kashi 25 kacal na manyan muƙamai ke hannunsu. Su ke bakin gado, wasu ke tsara jadawali. In an tashi aikin dare kuma, tukunya da yara da tsofaffi na jira a gida. Wani nazari da aka buga a Amurka a 2004 ya gano cewa yawan kashe kai tsakanin likitoci mata ya ninka na sauran mata fiye da sau biyu.

An keɓe 2020 a matsayin shekarar ma'aikatan jinya da ungozomomi, don cikar Nightingale shekara 200 da haihuwa. A shekarar ce korona ta auko. Dakta Lorna Breen, shugabar sashen gaggawa a wani asibitin Niyok, ta kamu da cutar, ta ɗan ji sauƙi, ta koma ta tarar da majinyata sun fi ƙarfin ma'aikata. Danginta sun ce ta ji tsoron neman maganin damuwa ya jawo mata asarar lasisi, domin a lokacin takardun hukumomin lasisi a jihohi da dama suna tambayar ko likita ya taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa. Ta kashe kanta ranar 26 ga Afrilu, tana da shekara 49. A Maris na 2022 Shugaba Biden ya sa hannu kan doka mai sunanta, don kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikatan lafiya.

Mu a nan mun saba da zancen nas mai tsawa da ungozoma mai zafin baki. Wulaƙanta mai naƙuda laifi ne, ba mai wanke shi. Amma tarihin nan ya ba mu tambayar da za mu haɗa da zargin: mata nawa take karɓar haihuwarsu ita kaɗai, yaushe rabonta da barci, wata nawa take bin albashi? Mun mayar da ita inuwar giginya, na nesa ke sha, nata gidan na rana. Haƙurin da muke ba ta kullum ba ya maye gurbin ƙarin ma'aikata, da hutun da ba a yankewa, da wurin da za ta ce “ba ni da lafiya” ba tare da an sa mata ido ba. Wanda ke son fitila ta kai asuba, shi ke da alhakin zuba mata mai.