Daga Maraɗi Zuwa Yamai: Wuraren da Suka Cancanci Tsayawa

Hanyar da ta haɗa Maraɗi da Yamai yanki ce ta babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ake kira Hanyar Haɗin Kai. Tsakanin biranen biyu akwai kimanin kilomita 660, kuma hanyar ta ratsa jihohin Maraɗi, Tawa, Doso da Tilaberi. Manyan motocin bas sukan cinye ta a wuni ɗaya. Matafiyi yakan tashi da asuba ya sauka da yamma, bai ga kome ba sai tasha da masu talla. Idan kai mai sha'awar itatuwa da tsuntsaye da duwatsu ne, ka ba wannan tafiya kwana uku ko huɗu.

Abu ɗaya za ka riƙe a zuciya: ka bi ruwa. Hanyar tana hawa tudu, tana gangara kwari, ta sake hawa. A kan tudu ƙasa busasshiya ce. A cikin kwari ruwa yana kusa, ko da ido bai gan shi ba, shi ya sa a can manyan itatuwa da lambuna da tsuntsaye suke. Wuraren da aka lissafa a nan, kusan dukansu a cikin kwari suke.

Zango na farko: Gulbin Maraɗi da tafkin Madarunfa

Kafin ka nufi yamma, ka ware wuni guda domin kudancin Maraɗi. Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Madarunfa, Jiratawa, Maraɗi da Tibiri, sa'an nan ya koma Nijeriya ya haɗu da gulbin Rima. Da damina kaɗai yake gudu, amma ba a raina shi. Ambaliyarsa ta shekarar 1945 ce ta sa aka tashi garin Maraɗi daga cikin fadama aka mayar da shi kan tudu.

A Jiratawa za ka ga filayen noman rani, inda zogale da kayan miya suke kore shar ko a tsakiyar bazara. Daga nan ka wuce Madarunfa, kimanin kilomita 25 daga Maraɗi. Tafkin yana cika da damina, yana ja da baya da rani. Ka isa bakinsa da sassafe, lokacin da masunta ke fita da jiragensu. Za ka iya ganin balbela da zalɓe da agwagin ruwa, da sanyi kuma har da tsuntsayen da ke zuwa daga Turai. Mutanen wurin suna faɗin cewa kaburburan waliyyai 99 ne suka kewaye tafkin, don haka ka shiga da ladabi. A shekarar 2019 aka sa tafkin cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Sai dai tafkin yana da matsala. Yashi yana cike shi a hankali, kuma madatsar ruwa ta Jibiya da ke can sama ta rage ruwan da ke gangarowa cikin gulbin.

Zango na biyu: Tibiri da gonakin gawo

Da ka bar Maraɗi ka kama hanyar yamma, ba da jimawa ba za ka iso Tibiri, mazaunin Sarkin Gobir. Daga nan zuwa Gidan Rumji, ka sa ido a kan gonaki. Itatuwan da ka gani a warwatse cikinsu, galibi ba dasa su aka yi ba. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonaki da yawa a wannan ƙasa sun zama fili fetal. Tun daga farkon shekarun 1980 manoma suka kama abin da ake kira sassaben zamani. Maimakon su sare duk tohon da ya fito daga tsohon kututture, sai su zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, su yi masu aski, su bar su su girma. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Ka tsaya ƙarƙashin gawo ka dube shi da kyau. Al'amarinsa ya sha bamban da na sauran itatuwa. Yana kaɗe ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana. Da rani yake fitar da ganye da ƴaƴa, lokacin da dabbobi suka fi bukata. Ganyen da ya zuba taki ne, shi ya sa hatsin da ke gindinsa ya fi na nesa kyau.

Zango na uku: Madawa, Galmi da Ƙonni

Kusa da Madawa hanya tana gangara cikin kwarin Tarka. Gaba kaɗan ka shiga ƙasar Adar, inda tuddai masu jan dutse suka fara bayyana. Wannan ita ce ƙasar albasa. Albasar Galmi mai launin shunayya ta yi suna har Akara da Abijan. Da sanyi za ka ga fagagen albasa shimfiɗe kamar tabarma, bayan an cire kuma ka ga buhuna jere a bakin kwalta. Ruwan da ake ban ruwa da shi daga rijiyoyi marasa zurfi da ƙananan madatsai yake fitowa. Kwarin Majiya ne ke ciyar da filayen noman rani na wajen Birnin Ƙonni.

Birnin Ƙonni yana kimanin kilomita 240 daga Maraɗi, kuma ya dace da kwana na farko.

Zango na huɗu: Dogon Dutse

Kimanin kilomita 145 daga Ƙonni za ka hango duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai, kamar an yanke su da wuƙa. Ka iso Dogon Dutse ke nan, cibiyar ƙasar Arewa. Waɗannan duwatsu ragowar wani tsohon tudu ne. Ruwan sama na dubban shekaru ya cinye ƙasa mai taushi, ya bar wuraren da marmara mai tauri ta rufe. Garin yana cikin Dallol Mawri. Dallol kwari ne mai faɗi, wanda a zamanin da kogi yake gudu a cikinsa daga arewa zuwa kogin Kwara. Kogin ya ƙafe, amma ruwa yana nan a ƙarƙashin yashi.

Ka nemi ɗan gari ya raka ka kan dutse da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta yi sanyi kuma hasken ya mayar da duwatsun jajaye. Daga sama za ka ga bambancin kwari da tudu ƙarara. A wannan ƙasa ne garin Lugu yake, inda Sarauniya ta yi tsayin daka a gaban rundunar Faransawa a shekarar 1899.

Zango na biyar: Dallol Boso da raƙuman dawa

Bayan Doso hanya tana gangara cikin Dallol Boso, a wajen Birnin Gaure. Nan ma tsohon kogi ne. Za ka ga goriba da gawo da ƙananan tafkuna, da wuraren da ake fitar da kanwa. Da ka sake hawa tudu sai ka iso Kure, kimanin kilomita 60 kafin Yamai.

A nan ne raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suka rage. A da suna yawo daga Sanagal har tafkin Cadi. Farauta da fari da sarar daji suka ƙarar da su, har a shekarar 1996 aka ƙidaya 49 kacal. Da gwamnati da mutanen ƙauyuka suka haɗa kai wajen kare su, yawansu ya haura 600. Ba a cikin shinge suke ba. Suna kiwo ne a tsakanin gonaki da garken shanu. Da damina sukan zauna kan tudun Kure, da rani su gangara cikin dallol inda gawo ke da ganye. Wani lokaci sukan ci waken manomi ko mangwaronsa, kuma haƙurin manoman nan yana cikin abin da ya raya su. A shekarar 2018 an ɗauki takwas aka kai su gandun dajin Gadabeji da ke arewacin jihar Maraɗi, domin kada a tara su duka wuri ɗaya.

Wajibi ne ka san wannan: ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga sun kashe mutum takwas a wannan wuri, Faransawa shida da ƴan Nijar biyu. Kada ka bar kwalta ka shiga daji sai da izinin hukuma da ɗan jagora sananne.

Ƙarshen hanya: kogin Kwara

Duk kwarurukan da ka ratsa, ruwansu na lokaci ne ko na ƙarƙashin ƙasa. A Yamai za ka tarar da kogin da ba ya yankewa. Kwara tana da tsawon kimanin kilomita 4,200, kusan 550 daga ciki a Nijar suke. Sau biyu take cika a shekara. Cikar farko, mai jan ruwa, tana zuwa a Agusta da Satumba daga ruwan saman yankin. Ta biyu tana isowa a Disamba da Janairu, domin ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini yakan yi watanni a hanya. Idan kana da sauran lokaci, ka leƙa gidan tarihi na Bubu Hama, inda aka ajiye kututturen Itacen Tenere da mota ta kaɓe a shekarar 1973.

Lokacin da ya fi dacewa

Oktoba da Nuwamba sun fi: tafkuna a cike, ƙasa da sauran kore, ruwa ya ɗauke. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai sanyi da baƙin tsuntsaye, amma hazo yakan rufe duwatsu. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Da damina hanyoyin ƙauye sukan yanke.

Shawarwari kafin ka tashi

1. Ka yi tambaya a kan tsaro kafin kowane zango. A shekarun baya-bayan nan an sha fama da ƴan bindiga a ƙauyukan iyaka na kudancin Madarunfa, da wasu sassan jihohin Tawa, Doso da Tilaberi. Idan jandarma ko mai gari suka ce kada ka je, to, kada ka je.
2. Kada ka yi tafiyar dare.
3. Babbar bas ba ta tsayawa don kallo. Ka bi ƙananan motoci gari zuwa gari, ko ku haɗa kuɗi ku ɗauki shata.
4. Ka riƙe katin shaida, isasshen ruwan sha da gidan sauro.
5. Ka yi sallama ka nemi izini kafin ka shiga gona ko ka ɗauki hoton mutum.
6. Kada ka matsa kusa da raƙumin dawa, musamman uwa mai ɗa. Kada ka yi ihu ko jifa.
7. Kada ka yar da leda, kada ka bar wuta a kunne. Wutar daji ɗaya takan cinye abincin dabbobi na shekara.
8. Ka biya ɗan jagora hakkinsa, ka sayi abinci a ƙauyen da ka tsaya. Mutanen da ke amfana da baƙi su ne ke tsare itatuwa da namun dajin wurin.

Ka tafi da ɗan littafi da alƙalami. A kowane zango ka rubuta sunan garin, da ranar, da itatuwa da tsuntsayen da ka gani. Wanda ba ka sani ba, ka tambayi dattijon wurin sunansa ka rubuta. Idan ka dawo, ka karanta wa iyalinka.