Sa ido kan tashoshin lantarki na nukiliya: misalin ƙasar Faransa

Tashar nukiliya wuri ne da ake samar da wutar lantarki daga ma'adinin yuraniyom. Ana sarrafa shi, a zuba cikin wata ƙatuwar tukunya ta ƙarfe, inda ƙwayoyinsa ke tsagewa suna fid da zafi mai tsanani. Zafin ya mai da ruwa tururi, tururin ya juya injin, injin ya ba da wuta. Haɗarin da ke cikin aikin shi ne tiririn nukiliya, wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, amma idan ya yi yawa yana lahanta jiki, yana kuma gurɓata ruwa da gonaki shekaru masu yawa. Nijar ba ta da irin wannan tasha. Sai dai yuraniyom ɗin da aka fara haƙowa a Arlit a 1971 ya daɗe yana shiga tukwanen Faransa, shi ya sa muka ɗauki ƙasar a matsayin misali.

Wa ke da alhaki?

Ƙa'idar farko ita ce nauyin tsaron tasha yana wuyan mai gudanar da ita. A Faransa kamfanin EDF ne, mai tukwane 57 a wurare 18, waɗanda ke ba ƙasar kimanin kashi biyu cikin uku na lantarkinta. Ƙa'ida ta biyu, wanda ke sayar da wuta ba zai zama alƙalin kansa ba. Yarjejeniyar tsaron nukiliya da aka cim ma a Viyena a 1994, ƙarƙashin hukumar AIEA, ta wajabta wa ƙasashe su raba hukumar sa ido da duk wata ma'aikata mai aikin bunƙasa nukiliya. Ita AIEA, da aka kafa a 1957, tana tsara ƙa'idodi tana aika masana, amma ba ta da ikon rufe tashar kowa. Wannan iko na hukumar ƙasa ne.

Dokar 13 ga Yuni 2006 ta kafa hukumar ASN mai zaman kanta, da shugabanni biyar. Shugaban ƙasa ya naɗa uku, shugabannin majalisu biyu kowa ya naɗa ɗaya. Wa'adinsu shekara shida ne, ba a sabuntawa, gwamnati kuma ba ta tuɓe su don sun yanke hukuncin da bai yi mata daɗi ba. Ran 1 ga Janairu 2025 aka haɗe ta da cibiyar masana ta IRSN, suka zama hukuma guda mai suna ASNR. An yi gardama sosai kafin haɗewar, don wasu na ganin gara mai bincike ya zauna dabam da mai yanke hukunci.

Yadda ake binciken

Sufetoci na ziyartar tashoshi, wani lokaci da sanarwa, wani lokaci kwatsam. Bayan ziyara sukan rubuta wa kamfani wasiƙa mai jera kurakuran da suka gani, a buga ta a intanet kowa ya karanta. Duk shekara goma kuma a tsai da tukunya a yi mata binciken ƙwaƙwaf: a duba ƙarfenta, a matsa wa bututunta ruwa fiye da yadda suka saba ɗauka, a gwada ginin kankaren da ya rufe ta. Sai hukuma ta yarda za ta koma aiki.

Abin da ya faru a tashar Tricastin a Satumba 2017 ya nuna ko ikon na gaske ne. An gano cewa wani sashe na gaɓar mashigin ruwan da ke maƙwabtaka da tashar zai iya rushewa idan aka yi babbar girgizar ƙasa, ruwa ya mamaye tashar. Girgizar ba ta auku ba, babu abin da ya fashe, duk da haka ASN ta ba da umurni a kashe tukwanen huɗu gaba ɗaya, suka zauna makonni har aka ƙarfafa gaɓar.

Kowace matsala ana auna ta da ma'aunin INES, mai hawa daga 0 zuwa 7. Biyu kaɗai suka kai 7: Carnobil a 1986 da Fukushima a 2011. Mafi muni a Faransa shi ne na Saint-Laurent a 1980, hawa na 4. Fukushima ce ta koya wa duniya illar hukuma marar ƴanci, domin mai sa idon Japan tana ƙarƙashin ma'aikatar da ke tallata nukiliya. Kwamitin binciken majalisar ƙasar ya ɗora laifin kan mutane, ba kan igiyar ruwa kaɗai ba, aka kuma kafa sabuwar hukuma a Satumba 2012.

Ruwa, iska da lafiyar maƙwabta

Ko tasha na aiki lafiya lau, tana fid da ɗan tiriri cikin ruwa da iska. Hukuma ce ke yanke iyakar kowace tasha. Abin da mutumin gari zai samu daga irin waɗannan ayyuka bai kamata ya wuce milisibat 1 a shekara ba, na ma'aikaci kuwa 20. Ana ɗibar ruwan kogi, ciyawa da madarar shanun kewaye ana aunawa. Mazauna kilomita 20 daga tasha na da haƙƙin karɓar ƙwayoyin ayodin kyauta, don kare maƙogwaro idan haɗari ya auku. Kowace tasha kuma tana da kwamitin gari, inda zaɓaɓɓu, ƙungiyoyin kare muhalli, likitoci da wakilan ma'aikata ke yi wa kamfani tambayoyi.

Akwai batun zafi. Tasha na ɗibar ruwan kogi ta sanyaya injinta, ta mai da shi da ɗumi, ɗumin kuwa in ya yi yawa kifi ba ya rayuwa. A tsananin zafin da aka yi a 2022, lokacin da tukwane da dama ke tsaye saboda tsatsagewar da aka gano a bututunsu, ASN ta sassauta iyakar ɗumin na ɗan lokaci ga tashoshi biyar, ciki har da Bugey da Golfech, don kada wuta ta yanke. A ganinmu a nan ne rauni ya bayyana: hukumar da ta iya kashe Tricastin saboda girgizar da ba ta zo ba, ta ja baya da buƙatar lantarki ta matsa.

A Nijar, aikin sa ido kan tiriri na hannun hukumar ARSN, wadda doka ta kafa a 2016. Abin da ke gabanta shi ne ma'adinan yankin Agadas, na'urorin asibiti masu aiki da tiriri, da tulin dusar ma'adini da kamfanin COMINAK ya bari a Akokan bayan rufe shi ran 31 ga Maris 2021.