Matsayin Gwaji kan Dabbobi a Tarihin Fasa Tsakuwar Ƙoda

Manufarmu a wannan ƙasida ita ce mu waiwayi yadda aka samo hanyar fasa tsakuwar ƙoda ba tare da fiɗa ba, mu kuma nuna matsayin dabbobi cikin wannan tarihi. Kafin 1980, tsakuwar da ta ƙi fita tare da fitsari, galibi sai an tsaga majiyyaci kafin a ciro ta.

Asalin hanyar daga kamfanin Dornier ne, mai ƙera jiragen sama a Jamus ta Yamma. Injiniyoyinsa sun lura cewa igiyar girgiza mai ƙarfi kan ratsa ruwa da tsoka, amma in ta ci karo da abu mai tauri sai ta farfasa shi. A 1974 gwamnatin ƙasar ta ba da kuɗin bincike, kamfanin ya haɗa gwiwa da likitocin Jami'ar Munich, cikinsu har da Christian Chaussy da Ferdinand Eisenberger.

Da yake ba a gwada zurfin ruwa da ƙafa biyu, sai aka fara da dabbobi. Aka dasa wa karnuka tsakuwar da aka ciro daga mutane a cikin ƙodarsu, aka tsoma su cikin kwamin ruwa, ana tayar da girgizar da tartsatsin lantarki, ana tattara ƙarfinta a kan tsakuwar. Gwajin ya nuna cewa tsakuwar takan dagargaje ta fita da fitsari, cewa huhu yakan ji rauni saboda iskar da ke cikinsa, don haka wajibi ne a kare shi, kuma cewa saiti ya fi inganci da na'urorin hoton ƙashi guda biyu. Ranar 7 ga Fabrairu, 1980, aka yi wa mutum na farko wannan magani a Munich.

To, amma tarihin bai tsaya nan ba. Da farko an ɗauka girgizar ba ta cutar da ƙoda. Daga baya, gwaji kan aladu a Jami'ar Indiana ta Amurka ya tabbatar da cewa takan fasa ƙananan hanyoyin jini, kuma rage bugu daga 120 zuwa 60 a minti yana rage ɓarnar.

Saboda haka muna ganin cewa karnuka ne suka buɗe ƙofar maganin, aladu kuwa suka nuna iyakarsa. Tsakuwar da ta fashe ba ta isa shaida ba, sai an duba halin da ƙodar ta shiga.