Daga Bashin Ƙauye Zuwa Inshorar Damina: Nazari Kan Binciken Christopher Udry

Masanin tattalin arziki Christopher Udry, Ba'amurke da ya koyar a jami'o'in Yale da Northwestern, ya shafe shekaru yana bibiyar tambaya guda: idan damina ta ci amana, wa ke ɗaukar asarar ƙaramin manomi? Ya fara neman amsar ne a ƙasar Zazzau, lokacin da yake aikin digirin digirgir.

Daga 1988 zuwa 1989 ya bi diddigin magidanta kimanin 200 a ƙauyuka huɗu da ke kusa da Zariya, yana rubuta wanda ya ranta, wanda aka ranta wa, da abin da aka biya. Galibin basussukan babu takarda, babu jingina, kuma tsakanin mutanen da suka san juna ne. Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda ake biya. Idan ambaliya ko ƙwari suka ɓata gonar mai cin bashi, ko ciwo ya shiga gidansa, sai a sassauta masa. Idan kuwa mai ba da bashin ne masifa ta faɗa wa, sai wanda ya ci ya biya fiye da yadda zai biya a da. Kenan rancen da kansa inshora ne, ko da yake ba wanda ya kira shi haka. Bahaushe ba zai ga abin mamaki a nan ba, zumunci ne da ya saba da shi. Gudummawar Udry ita ce auna shi da alƙaluma, a maƙalarsa ta 1994.

Sai dai ya nuna cewa kariyar ba ta cika ba. Dalili ɗaya a bayyane yake: fari ba ya zaɓen gona. Shekarar da ruwa ya ɗauke wa gari baki ɗaya, mai ba da rance da mai karɓa duk hannu rabbana suke.

Wannan giɓi ne ya kai shi arewacin Gana, inda shi da Dean Karlan da Robert Osei da Isaac Osei-Akoto suka gwada manoman masara. Wasu aka ba su kuɗi a hannu, wasu inshorar da ke biya bisa ma'aunin ruwan sama. Sakamakon da suka wallafa a 2014 ya saɓa wa zaton mutane da yawa: masu inshora ne suka fi zuba jari a gona, suka faɗaɗa noma, suka ƙara taki. Ashe ba rashin kuɗi kaɗai ke ɗaure manomi ba, har da tsoron asara.

A ganina a nan ake yawan wuce gona da iri wajen yabon binciken. Ma'aunin ruwa yana wuri guda, gona tana wani. Ana iya sheƙa ruwa a tashar awo, gonar mutum ta ƙone, bai samu ko sisi ba. Binciken da kansa ya nuna manoma sun fi sayen inshorar bayan sun ga an biya su ko an biya wani nasu.

Nijeriya ta soma shirin inshorar noma tun 1987, amma akasarin masu shiga ta hanyar bashin banki suke shiga. Masu bincike a jami'o'inmu, musamman na Samaru da ke Zariya, su ya kamata su koma ƙauyukan nan su auna ko rancen sassauci na nan da ransa.