"Kina da juna biyu?": tarihin tambayar ɗakin hoto

Idan aka kawo mace daga Turba zuwa asibiti a Isa ko Sakkwato don hoton ƙugu ko na ciki, kafin ma'aikacin ɗakin hoto ya danna na'ura akwai tambayar da ya kamata ya yi mata: "Kina da juna biyu?" Sai da aka yi shekaru sittin ana ɗaukar hoto kafin a gane muhimmancinta.

A Nuwamban 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Würzburg ta Jamus. Hasken ba a ganinsa, ba a jin zafinsa, shi ya sa ma'aikatan farko suke gwada na'ura da hannayensu. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison a Amurka, sai da aka yanke masa hannaye biyu, ya rasu da ciwon daji a 1904. A 1936 aka kafa dutsen tunawa a wani asibiti a Hamburg, ɗauke da sunayen ma'aikata 169 da hasken ya halaka. Irin wannan asara ce ta sa aka kafa kwamitin duniya na kariya daga hasken a Stockholm a 1928. To amma galibin dokokin farko ma'aikaci suke karewa: rigar dalma, tsayawa nesa, rage lokacin aiki. Ana ɗauka ɗan abin da majinyaci yake samu ba komai ba ne.

Dokta Alice Stewart ta Jami'ar Oxford ce ta gyara wannan tunani. Ita da abokan aikinta sun bi iyayen yaran da ciwon daji ya kashe suna yi musu tambayoyi. A 1956 ta wallafa cewa yaran da aka ɗauki hoton cikin uwayensu suna cikin mahaifa, haɗarin wannan ciwo gare su ya kusa ninki biyu. Manyan likitoci suka ƙi yarda. Wani bincike a Amurka ya goyi bayanta a 1962, amma sai da aka ƙara shekaru kafin a daina ɗaukar masu ciki hoto barkatai.

Mu a Najeriya, gwajin bam ɗin nukiliya da Faransa ta yi a saharar Aljeriya a 1960 ne ya farkar da gwamnati, aka buɗe ofishin sa ido kan hasken a Jami'ar Ibadan a 1964. Dokar rajistar ma'aikatan ɗaukar hoto ta zo a 1987, dokar kariya a 1995, hukumar da ke aiwatar da ita kuma a 2001.

Sai dai doka ba ta shiga ɗakin hoto, ma'aikaci ne yake shiga. A ƙasar Gobir, kamar sauran ƙasar Hausa, amarya mai cikin fari ba za ta amsa wannan tambaya a gaban surukarta ko wan mijinta ba. Kunya za ta sa ta ce a'a, ko ta sunkuyar da kai. Don haka horon da ya dace da mu ya haɗa da fitar da 'yan rakiya, samo ma'aikaciya mace in akwai, da tambayar ranar al'adar ƙarshe.

Na'urorin yau haskensu bai kai na zamanin Stewart ba, kuma sikanin ciki da sauti yake aiki, babu eksire a cikinsa. In likita ya ce hoton dole ne, kada ki ƙi. Ki dai faɗa wa ma'aikaci gaskiya, shi zai san yadda zai takaita hasken ko ya koma wa likita a sake shawara.